Amsar Wasiƙunku: Me Ya Kawo Harafi Cikin Lissafi?

 

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi, wanda yake saro masara da dawa a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Dawanau ta Kano. Ya ce ɗansa yana aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Ran nan yaron ya zo gida da aikin da malami ya ba su, da ya leƙa littafin sai ya ga an cakuɗa haruffa da lambobi, an rubuta 5x + 2y, wai a nemo amsa idan x = 4, y = 3. Ya ce shi dai a iya saninsa harafi na karatu ne, lamba kuma ta ƙidaya ce. Saboda haka yake tambaya, shin wannan abu yana da amfani ga manomi da mai saye da sayarwa, ko kuwa ɓata wa yara lokaci ne? Har ya ƙara da cewa in ba shi da amfani yana tunanin cire yaron ya zaunar da shi a rumfa, tunda kasuwa ma tana koyar da lissafi.

To malam, mun gode da wannan wasiƙa, matambayi ba ya ɓata. Amsarmu a taƙaice ita ce, ka bar yaron nan a makaranta. Abin da aka ba shi kai ma kullum kana yin irinsa a kasuwa, sai dai kai da ka kake yi, shi kuma ana koya masa yadda zai sa shi a takarda. Bari mu bi abin daki-daki.

Harafi tamkar mudu ne da babu komai a ciki

Ka dubi mudun da kake awo da shi. Yau ka zuba masa gero, gobe wake, jibi shinkafa. Mudun yana nan yadda yake, abin da ke ciki ne yake sauyawa. To haka harafi yake a wannan fanni na lissafi da ake kira aljabara. Gurbi ne aka tanadar wa lamba, ana jiran ranar da za a san ta a zuba.

Mu ƙaddara maigida ne, kowace ranar kasuwa yana sayen tiya 5 na gero da kwalba 2 ta man gyaɗa. Farashi kuwa kowa ya sani, na yau daban na gobe daban. Amma hanyar lissafin ba ta sauyawa: kuɗin tiya sau 5, a tara da kuɗin kwalba sau 2. Maimakon a riƙa maimaita wannan doguwar magana, sai a kira kuɗin tiyar gero g, kuɗin kwalbar mai kuma m, a rubuta 5g + 2m. Shi ke nan, an rubuta ƙa'ida sau ɗaya, za ta yi aiki shekara da shekaru.

A nan ina so ku lura da abu ɗaya. Duk inda kuka ga lamba ta manne wa harafi, kamar 5g, ma'anarsa 5 sau g.

To ranar kasuwa ta zo. A ce an sayar da tiya Naira 1,200, kwalba kuma Naira 1,500. Sai ka cire g ka sa 1,200, ka cire m ka sa 1,500. Biyar sau 1,200 ya ba ka 6,000, biyu sau 1,500 ya ba ka 3,000, jimla Naira 9,000. Mako ya zagayo, gero ya sauko 1,000, mai ya hau 1,800. Ƙa'idar tana nan, sababbin lambobi kawai za ka zuba: 5,000 da 3,600, wato Naira 8,600. Duk farashin da za ku ji na ambata a wannan fili na misali ne, kowa ya sa na kasuwarsu.

Yanzu mu koma aikin yaro, 5x + 2y. An ce x = 4, y = 3. Biyar sau 4 ashirin, biyu sau 3 shida, amsa 26. Ka ga ashe gero da man gyaɗa ne aka sauya musu suna.

Waɗanda suka yi karatu gaban malamai za su tuna da hisabi, inda ake ba haruffan Larabci lamba: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4. Ke nan haɗa harafi da lamba ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Bambancin shi ne, a hisabi alif kullum 1 ne. A aljabara kuwa x yana iya zama 4 a wannan tambaya, a ta gaba ya zama 900.

Daga ina abin ya samo asali?

Sunan aljabara ya fito ne daga kalmar Larabci al-jabr, wadda take cikin sunan wani littafi da Muhammad bn Musa Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Abin da zai ba mai wasiƙarmu sha'awa shi ne, littafin ya yi magana a kan ciniki da awon filaye, kuma babban kaso nasa a kan wasiyya da rabon gado yake. Wato tun asali saboda bukatun mutane irinku aka tsara shi.

Shi Alkhawarizmi da kalmomi ya yi nasa bayani. Adadin da ba a sani ba yakan kira shi shai'un, wato abu. An fassara littafin zuwa Latin a shekarar 1145, ya shiga hannun masanan Turai. Daga baya ne wani Bafaranshe, Francois Viete, ya tsara amfani da haruffa a madadin lambobi a 1591. A 1637 kuma wani Bafaranshen, Rene Descartes, ya fito da al'adar sa x da y da z a gurbin abin da ba a sani ba. Dalilin da ya sa ke nan kuke yawan ganin x a littattafan yara. Amma ba dole sai x ba, kowane harafi ka ga dama kana iya ɗauka.

Ƙa'idar ɗan kasuwar hatsi

Malam, tunda sana'arka saro hatsi ce, bari mu gina maka taka ƙa'idar. Abubuwa biyar ne suke yanke maka hukuncin riba ko faɗuwa a kowace tafiya:

b, yawan buhunan da ka saro.
f, farashin da ka saro kowane buhu.
s, farashin da za ka sayar da kowane buhu.
k, kuɗin da kowane buhu yake ci a hanya, wato mota, dako, la'ada da kuɗin buhun kansa.
c, kuɗin da za ka kashe a kanka ko buhu nawa ka ɗauko, kamar kuɗin motarka zuwa da dawowa, abinci da wurin kwana.

Ga ƙa'idar: Riba = b(s − f − k) − c.

Kada baka biyun nan su tsorata ku. Abin da suke nufi shi ne, fara gama lissafin da ke cikinsu, wato abin da buhu ɗaya ya bar maka, sannan ka ninka da yawan buhuna, daga ƙarshe ka ɗebe kuɗin da ka kashe a kanka.

Mu gwada. Ka saro buhu 20 a kan Naira 40,000 kowanne, kana sa ran sayarwa 45,000. Kowane buhu yana cin 3,000 a hanya, kai kuma ka kashe 15,000. Da ido, mutum zai ce ai akwai 5,000 a kan kowane buhu, buhu 20 ke nan 100,000. To zuba lambobin mu gani. Cikin baka: 45,000 a ɗebe 40,000 a ɗebe 3,000, saura 2,000. Sau 20 ya zama 40,000. A ɗebe 15,000, saura Naira 25,000. Wannan ce ribarka ta gaskiya, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ido ya nuna maka.

Yanzu mu sauya harafi ɗaya tak. A ce jari ya yi ƙasa, buhu 5 kawai ka iya sarowa, sauran lambobi suna nan. 2,000 sau 5 ya zama 10,000. A ɗebe 15,000 daga 10,000, ba ta kai ba, saura bashin 5,000. 'Yan makaranta sukan rubuta shi −5,000, da 'yar sanda a gabansa. A bakin 'yan kasuwa sunansa faɗuwa. In ka gwada buhu 7 za ka ga faɗuwar 1,000, buhu 8 kuma ribar 1,000. Ka ga ƙa'idar ta gaya maka, a wannan farashi, in kayanka ba su kai buhu 8 ba gara ka haɗa da na wani abokin sana'a, mutum ɗaya ya raka su.

Mu sake sauya wani harafin. Buhu 20 ne, amma kafin ka isa kaya sun cika kasuwa, farashi ya sauko 43,500. Cikin baka saura 500 kacal. Sau 20, 10,000. A ɗebe 15,000, faɗuwar 5,000. Saukar Naira 1,500 a kan buhu ta cinye ribar 25,000 har ta taɓa uwar kuɗi. In kuwa ya sauko 42,000, to cikin bakan ma kansa ya zama −1,000, sau 20 ya zama −20,000, ga kuma 15,000 da ka kashe, faɗuwar Naira 35,000. A irin wannan rana, yawan buhu yawan hasara.

Amfanin abin ke nan. Yanzu da waya take hannun kowa, kafin a ɗora kaya a mota sai ka bugo wa dillalinka ka ji farashi, ka zuba a gurbin s. Sannan ka sake zuba wanda ya gaza shi kaɗan, ka ga ko za ka iya jurewa in kasuwa ta juya. Ka yi faɗuwar a takarda, aljihunka bai ji ba. Da mugunyar rawa gara ƙin tashi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma wannan ƙa'ida za ta yi musu aiki, sefa kawai za su zuba a maimakon Naira.

Manomi da takin zamani

Mu leƙa gona. Duk wanda ya taɓa sayen kamfa ya ga lambobi a jikin buhu, irin su 15-15-15. Lambar farko tana nufin kashi 15 cikin 100 na abin da ke buhun sinadarin naitorojin ne, wanda yake sa ganye ya yi kore shar, shuka ta yi girma. Buhu mai kilo 50 ke nan yana ɗauke da kilo 7.5, wato bakwai da rabi. Yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 ne, buhu mai kilo 50 yana da kilo 23.

Sai mu kira yawan buhunan kamfa k, na yuriya y. Naitorojin da gonarka ta samu shi ne 7.5k + 23y.

A ce malamin gona ya duba gonarka ya ce tana bukatar kilo 75. Manomi na farko ya sayi kamfa 4, yuriya 2. Zuba mu gani: 7.5 sau 4 ya ba da 30, 23 sau 2 ya ba da 46, jimla kilo 76. Ya cika. Manomi na biyu ya sayi kamfa 6, bai sayi yuriya ba. A nan y sifiri ne, kuma duk abin da aka ninka da sifiri ya zama sifiri. Saura 7.5 sau 6, kilo 45. Kowannensu buhu 6 ya ɗauko, kowa zai ce ya sa taki, amma na biyu yana da giɓin kilo 30, kuma da kaka zai gani a rumbu.

Sai dai kada wani ya ji haka ya ce to daga yau yuriya zalla. Sauran lambobi biyu na jikin kamfa na wasu sinadarai ne, fosfaras da fotash, waɗanda shuka take bukata, yuriya kuma ba ta da su. Ƙa'idar nan naitorojin kawai take auna maka. Adadin da ya dace da ƙasarka da irin shukarka kuwa, wajen malamin gona za ka ji shi.

Awon fili da zakka

Girman fili mai kusurwa huɗu daidai shi ne tsawo sau faɗi. In tsawon da faɗin ɗaya ne, muka kira shi t, sai a rubuta t², da ɗan ƙaramin 2 a sama. Ma'anarsa t sau t, wato lambar sau kanta. Fili mai mita 50 kowane gefe, 50 sau 50, murabba'in mita 2,500. Mai mita 100 kowane gefe, 100 sau 100, murabba'in mita 10,000, hekta ɗaya ke nan cif. Ku lura, gefe ya ninka sau biyu, amma fili ya ninka sau huɗu. Wanda bai san haka ba zai tanadi iri da taki rabin abin da ake bukata. Haka kuma ɗan ƙwadagon da ya yi jingar nome babban filin a kan ninki biyu na kuɗin ƙaramin, ya yi rabin aikin kyauta.

Zakkar amfanin gona ma ƙa'ida ce irin wannan. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda aka yi wa ban ruwa da wahala da kashe kuɗi kuma ɗaya cikin ashirin. In muka kira abin da aka girbe a, to a raba 10, ko a raba 20. Buhu 30 na damina, buhu 3. Buhu 30 na noman rani da injin ban ruwa, buhu ɗaya da rabi. Batun nisabi da sauran hukunce-hukunce na malamai ne, mu lissafin kawai muka nuna.

Ramuka biyar da ake yawan faɗawa

Na ɗaya, manna lamba da lamba. An ce 5x, x kuma 4 ne, sai yaro ya rubuta 54. Amsa 20 ce. Maganin wannan shi ne, duk lambar da ka zuba ka sa ta cikin baka, 5(4), don ka tuna ninkawa za ka yi.

Na biyu, tsarin aiki. Ninkawa da rabawa suna gaba da tarawa da ɗebewa. Ɗauki 200 + 3m, wato kuɗin dako Naira 200 da mudu 3 na wani abu, kowane mudu 500. Fara da 3 sau 500, 1,500, sannan ka tara 200, ya zama 1,700. Wanda ya fara tara 200 da 3 sannan ya ninka da 500 zai samu 101,500. A nan ina jan kunnen masu amfani da ƙaramar kalkuleta irin ta rumfa. Da yawansu bi da bi suke lissafi yadda ka danna, saboda haka wannan amsa ta biyu za su ba ka. Ka fara yin ninkawar daban, sannan ka tara.

Na uku, tsallake baka. 10(8 − 5) amsarsa 30 ce, domin cikin baka 3 ne, sau 10. Mai gaggawa zai ce 80 a ɗebe 5, ya samu 75.

Na huɗu, harafi ɗaya lamba ɗaya. In x ya fito sau biyu a lissafi guda, lamba ɗaya za ka zuba a duka wuraren. Misali x² + x, idan x = 3, ya zama 9 da 3, wato 12. Kuma kada a ɗauki x² a matsayin 2 sau x.

Na biyar, cakuɗa ma'auni. In farashin saro na buhu ne, na sayarwa ma ya zama na buhu. Wanda yake saro buhu yana sayarwa tiya-tiya, sai ya fara sanin tiya nawa buhunsa yake ci, ya mai da su abu ɗaya. Haka Naira da sefa, ba a zuba su a ƙa'ida ɗaya sai an canza ɗaya zuwa ɗaya.

Bayan duk wannan, in ka gama lissafi ka tsaya ka tambayi kanka, amsar nan ta yi kama da gaskiya? Mudu 3 da kuɗin dako ba za su kai dubu ɗari ba. A nan ne gogewar ɗan kasuwa take rufa wa ɗan makaranta asiri.

Shawararmu

Malam, ga abin da za ka yi. Ka sa yaron ya rubuta ƙa'idar ribar nan a bangon littafinsa. Duk daren da za ka yi tafiya, ka faɗa masa lambobin biyar ya zuba, kai kuma ka yi naka da ka, ku gwada. In amsarku ta zo ɗaya, madalla. In ta bambanta, ku bi sawu ku ga inda aka yi tuntuɓe. Shi zai gane cewa x ɗin malaminsu buhun masara ne, kai kuma ka samu magatakarda a gida. Rumfa tana nan tana jiransa ranar Asabar da lokacin hutu.

Kafin mu rufe, ga aiki ga kowa da kowa, musamman iyayenmu mata masu sana'ar ƙuli-ƙuli. Wata baiwar Allah ta sayi tiya 10 na gyaɗa, kowace tiya a kan g. Ta biya n kuɗin niƙa da itace. Mu ƙaddara ta samu kwalba 8 na mai, ta sayar da kowace a kan m, ƙuli kuma gaba ɗaya ta sayar da shi k. Ribarta ita ce 8m + k − 10g − n. To idan m = 2,000, k = 7,000, g = 1,900, n = 1,500, nawa ta samu? In kuma gyaɗa ta hau zuwa 2,200, sauran suna nan yadda suke, riba ta ci ko faɗuwa ta yi, kuma ta nawa? Wanda bai iya rubutu ba ya sa yaro ya rubuta masa, ku aiko mana da amsa, za mu karanto a shiri na gaba.

 Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba.